Skyrim ko Final Fantasy X: wa ke riƙe da akalar labarin?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi tsakanin wasan RPG (wasan bidiyo da mutum ke shiga rigar jarumin labari) da ke sakar wa mai wasa mara ya je duk inda ya ga dama da wanda ke ɗora shi a kan miƙaƙƙiyar hanya ɗaya, ka kuma ce awa guda kacal kake samu bayan sallar isha'i. Zan ɗauki wasanni biyu da ake iya bugawa a kwamfuta, domin a wurinsu bambancin ya fi fitowa fili.

Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2011, yana sakin ka da zarar ka tsira daga garin Helgen. Kana iya nufar Riften ka shiga ƙungiyar ɓarayi, ko ka tafi makarantar sihiri ta Winterhold, ko ka ɗauki ɓangare a yaƙin basasar da ake yi tsakanin daula da 'yan tawaye. Sai dai wannan 'yanci yana da farashi, kuma labarin ne ke biyansa. An ce maka dodo Alduin zai cinye duniya, amma kana iya share awa ɗari kana ƙira da farauta ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba, tun da wasan ba shi da damar yanke hukunci kafin ka iso. Haka kuma akwai mutanen da ba sa mutuwa komai saran da ka yi musu, sai dai su durƙusa su sake miƙewa, saboda ana bukatarsu a gaba. Wato ko a nan ma an kafa shinge, ɓoye shi kawai aka yi.

Final Fantasy X na kamfanin Square na Japan, wanda ya fito a 2001 a PlayStation 2 kafin ya iso kwamfuta a 2016, bai ɓoye nasa shingen ba. Kana rakiyar wata budurwa mai suna Yuna a tafiyarta zuwa birnin Zanarkand zango bayan zango, kuma sai kusan ƙarshe ake ba ka jirgin sama na komawa wuraren da ka baro. Abin da aka karɓa daga hannunka an mayar maka da shi ta wata fuska: akwai wani sirri game da ƙarshen tafiyar wanda kusan duk ayarin ya sani ban da Tidus, jarumin da kake bugawa da shi, kuma ranar da ya fito sai maganganun baya duka su sake ma'ana. Hakan ya yiwu ne saboda waɗanda suka tsara wasan sun san abin da ka gani da lokacin da ka gan shi. Illar ita ce idan hanyar ta yi ƙunci ainun, kamar yadda aka soki Final Fantasy XIII, wanda ba ya buɗewa sai babi na 11 cikin 13.

A ganina, mai awa ɗaya a dare ya fara da Final Fantasy X, domin kowane zama yana ciyar da labarin gaba. A Skyrim awar takan ƙare kana cikin wani kogo da ba shi ka fito nema ba, kuma bayan mako biyu ka manta abin da ya kai ka.