Sensar sauti ko ta rada: amsa ga mai tankin da ke kumfa

Ɗan'uwa, ka ce sensar altrasonik, wato na'urar da ke auna tsayin ruwa da sauti, da ke kan tankin ruwan wanki na masana'antarku tana ba da awo daidai da safe, rana na take ta fara kauce hanya, in kumfa ta taso kuma awon ya ɗauke ɗungurungum. Kana tambaya ko ka cire ta ka sa rada (radar), mai auna ruwa da siginar rediyo. Matsala biyu ce ka haɗa, kuma ɗaya kaɗai ce ke iya sa ka canja na'ura.

Dukansu aiki iri ɗaya suke yi: su aika sigina ƙasa, su jira amsa-kuwwa daga saman ruwa, su lissafa nisa. Bambancin yana ga abin da suke aikawa.

Altrasonik sauti take aikawa, shi kuwa sauti iska ce ke ɗauke da shi. Gudunsa kusan mita 343 ne a daƙiƙa a zafin digiri 20, yana ƙaruwa da kusan 0.6 a kowane digiri. Akwai ma'aunin zafi a cikin kan sensar da ke gyara lissafin, amma zafin kanta yake ji, ba na iskar cikin tanki ba. To in rana ta gasa kan har ya zarce iskar ciki da digiri 10, kuma tsakaninsa da ruwa mita 5 ne, kuskuren ya kai kusan santimita 9. Wannan ce matsalarka ta rana, kuma 'yar rumfar kwano a samansa ta isa. Ka kuma leƙa fuskarta da tocila. Na sha tarar da ɗigon raɓa a rataye, ko yanar gizo-gizo, ƙyalle mai laushi ya gama aikin. Kada ka kankare da ƙarfe.

Rada siginar rediyo take aikawa, ba ruwanta da zafin iska, tururi ma bai cika damunta ba. A nan ta yi wa altrasonik nisa. Nata ciwon daban ne. Ruwa yana maido mata sigina da ƙarfi, shi kuwa mai, irin su fetur, da rauni. Tsani, bututu ko farfelar gauraya na iya maido amsar ƙarya, awon ya maƙale wuri ɗaya ko da tanki na sauka. Maganinsa a sa ta haddace waɗannan amsoshi lokacin da tanki ya yi ƙasa sosai. Rada mai gigahaz 80 (awon saurin kaɗawar sigina) ta fi mai 26 siririyar sigina, shi ya sa ta fi kauce musu.

Kumfa ita ce mai wuyar. Tana shanye sauti kamar katifa, babu saitin da zai hana. Rada tana jure siririyar kumfa, amma mai kauri tana raunana ta ita ma, don haka kada mai sayarwa ya yi maka alkawari ba tare da gwaji a tankinka ba. In kaurin ya yi yawa, ni sensar matsin ruwa zan sa a gindin tanki.

Kafin komai, ɗora mitar auna lantarki a kan wayar sensar. In ta nuna tsakanin mA (miliyamfa, awon lantarkin da ke bin wayar) 4 da 20, sensar tana ba da awo ne. Sifili na nufin waya ta katse ko wuta ba ta zuwa. In ka ga 3.6 zuwa ƙasa, ko 21 zuwa sama, sensar ce da kanta ke kukan ta samu matsala, kamar rasa amsa. Ka auna ruwan da tef sau uku, safe, rana da lokacin kumfa, ka turo mana lambobin.