Aikin Ragar Duwatsu a Wani Rafi na Ƙasar Wurno

Akwai wasu magina a birnin Sakkwato da suka ƙware wajen ɗaura ragar duwatsu, wato manyan kwandunan waya da ake cikawa da dutse a gitta su cikin kwazazzabo domin karya ƙarfin ruwa. Ƙungiyar manoman ƙauyenmu da ke ƙasar Wurno ta ba su aikin wani rafi da ke gangarowa daga tudun marmara zuwa fadamar Rima, kuma tun da damina ta riga ta gwada aikin, yanzu ana iya faɗin ingancinsa ba tare da son kai ba.

Ruwan sama a wannan yanki yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi ƙarfinsa a Agusta, kuma yakan tarar da tudu tsirara bayan dabbobi sun cinye ciyawa, masu itace sun sare bishiyoyi. Sai ya kwaso jar ƙasa da kashin shanu da ragowar takin zamani ya zubo rafi, ya cike rijiyoyin lambu da yashi, sauran kuma ya wuce Kogin Rima. Irin wannan laka ce take rage zurfin madatsu kamar na Goronyo da Bakolori, ita ce kuma take sa masu tace ruwan famfo ƙara alif.

Abin da ya fi burge ni a aikin maginan shi ne harsashi. Ba su ɗora kwando a kan yashi ba, sai da suka haƙa suka kai ƙasa mai tauri, sannan suka cusa gefen kowace katanga cikin gaɓar rafin dama da hagu, domin kada ruwa ya zagaye ta ya buɗe sabuwar hanya. Tsakiyar katangar sun bar ta ƙasa da gefunanta, ta yadda ruwa zai tsallake ta nan kaɗai, a ƙarƙashinta kuma suka shimfiɗa wata raga mai faɗi inda ruwan zai faɗo, don kada ya ƙwaƙule gindin. Na tsaya na ga babban maginin yana mayar da duk dutsen da bai kai dunƙulen hannu biyu ba, yana cewa zai fice ta idon raga. Duwatsun waje kuwa da hannu ake jera su ɗaya bayan ɗaya, ba juye su ake yi ba. Bayan ruwan Agusta, laka ta taru a bayan katangar farko har kusan bakinta, ruwan da ke tsatsowa tsakanin duwatsun katangar ƙarshe kuwa ana ganin tsakuwa a ƙarƙashinsa. Rijiyoyin da ke kusa ma sun daɗe ba su ja baya ba.

Inda suka gaza shi ne shuka. Yarjejeniyar ta ƙunshi dasa jema da gamba a gaɓar rafin, amma sai a ƙarshen damina suka dasa, da tazara mai yawa, kuma ba su killace da ƙaya ba, awaki suka cinye rabi. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne, domin waya tana da ranar tsatsa, saiwar jema kuwa tana nutsawa ƙasa sama da mita 2, kuma ita ce za ta riƙe gaɓar bayan raga ta tsufa. Maƙwabtanmu na Keita a jihar Tawa ta Nijar, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da tallafin Italiya, ba su tsaya ga katangun cikin kwari ba: sun hau tuddai sun haƙa ramukan tare ruwa, sun dasa itatuwa, domin daga can ɓarnar take farawa. Maginanmu ko kallon tudun ba su yi ba.

Batun kuɗi kuwa, aikin ya fi ƙarfin manomi guda, sai dai ƙungiya, kuma mafi yawan kuɗin a waya da dakon dutse yake tafiya. Duk wanda zai ɗauki maginan, ya nemi ganin wayar kafin a ɗaura, ya tabbatar mai kauri ce wadda aka shafe da sinadarin hana tsatsa, domin akwai mai araha a kasuwa wadda ta fi dacewa da kejin kaji. Ya kuma sa a rubuta cewa dashen ciyawa a farkon damina za a yi shi, sannan ya riƙe wani kaso na kuɗin har sai jemar ta kama ƙasa.