Gargaɗi kan mai tallan robar shaf "mai gam" a Facebook

Assalamu alaikum. Masu motocin da ke son taɓa gyara da hannunsu a gida, da ku nake. Akwai wani mutum da ke tallan robar shaf, wato robar da ke rufe kan ƙarfen da ke juya tayar gaba don ta riƙe giris ta hana datti shiga, a Facebook, daga nan ya ja ka zuwa WhatsApp. Ni ya cuce ni, ya kuma cuci wani maƙwabcina mai Golf, shi ya sa na ga bai halatta in yi shiru ba. Ba zan kama suna ba, don sunan da lambar canza su yake yi. Salon ne ba ya canzawa, shi zan bayyana muku.

Corolla gare ni, ƙirar 2006. A tsakiyar damina na lura da baƙin giris ya fantsama a cikin rim ɗin tayar gaba ta hannun dama. Na murɗe sitiyari har ƙarshe na leƙa, sai ga robar kan shaf ta tsage a lanƙwasa ta biyu. A lokacin babu ƙara ko kaɗan, ma'ana da na canza robar yadda ya kamata a satin nan, da kan shaf ɗina ya tsira. Ina cikin neman yadda zan yi sai tallan ya fito mini: bidiyo ne, ana naɗa roba tsagaggiya a jikin shaf, a shafa gam, a ɗaure, an gama cikin minti 15. Ba cire taya, ba kwance shaf. Ya ce daga Jamus take, da girisinta da kilif ɗinta. Kuɗin ya kusa ninka na kasuwa sau uku, kuma sai ka tura gaba ɗaya kafin ya ba direba a tasha. Da na nuna shakka sai ya ce, "Haba Alhaji, ai amana ce tsakaninmu, saura guda huɗu suka rage." Na tura.

Abin da ya iso a leda shi ne robar shaf ta gama-gari, irin mafi arha, wadda aka tsaga da reza daga sama har ƙasa. Tare da ita akwai ƙaramin bututun sufa gulu na shagon unguwa, da ruwan ɗorawar giris ɗaure a ledar ƙanƙara, da igiyoyin roba guda biyu irin na ɗaure wayar lantarki. Na kira shi, ya ce haka take zuwa, kwalin ne ya jiƙe a hanya. Na saka ta. Kwana tara ta yi, sai ta buɗe daga bakin gam ɗin.

Ku fahimci dalili, don kada wani ya zo muku da irin wannan da wani suna. Idan mota na gudun kilomita 100 a awa, taya da shaf suna juyawa fiye da sau 800 a minti ɗaya, kuma a kowane juyi robar tana matsewa ta wani gefe tana buɗewa ta ɗaya. Sufa gulu idan ya bushe ƙanƙarewa yake yi kamar gilashi, ba ya lanƙwasuwa, to yaya zai jure? Gaskiya ne akwai kamfanonin da ke yin roba mai tsaga ta asali, amma ita bakinta biyu a ƙere suke, ɗaya na shigewa cikin ɗaya, gam ɗinta kuma narkar da robar yake yi ta haɗe. Ko ita ɗin ma ta rage zafi ce kafin a yi aikin gaske. Abin da ya fi ci mini rai shi ne girisin. Kan shaf na waje baƙin giris yake so, mai sinadarin moli, wanda ke jure gugar ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, kuma wajen giram 100 ake cika masa. Wancan ruwan ɗorawar na ledar, da ya ji zafi sai ya tsinke ya zube.

Sannan ga babbar magana wadda bidiyon ya ɓoye. Roba idan ta tsage, ba giris kaɗai ke fita ba, yashi da ruwa suna shiga. Yashin nan ya gauraya da giris ya zama kamar garin wasa wuƙa. Duk wanda ya ce ka rufe a haka ba tare da ka kwance ka wanke ba, ya ce ne ka kulle yashin a ciki ya ci gaba da cin ƙarfe. Haka aka yi. Cikin wata guda, duk kwanar da na sha sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba.

A nan ne kashi na biyu na damfarar yake. Da na koma masa da ƙorafi bai musa ba, har haƙuri ya ba ni. Ya ce, "Yallaɓai, dama shaf ɗin naka ya riga ya mutu, amma ina da na Beljiyam mai kyau, zan rage maka saboda abin da ya faru." Ni ban tura ba. Maƙwabcina ya tura, aka kawo masa tsohon shaf da aka fesa wa baƙin fenti, an danƙara masa giris mai kauri don ya toshe ƙara na 'yan kwanaki. Da ya sake kira, an riga an toshe lambarsa.

Daga baya na je kasuwar kayan gyara da ƙafata, tare da wani dattijon bakanike, muka sayi shaf da roba bayan na riƙe su a hannu. Shi ya nuna mini yadda ake gane ta kirki: ka lanƙwasa ta sosai ka ja, idan farin layi ko ƙananan tsaga suka bayyana, ajiye ta. Ka nemi fakitin giris a rufe daga kamfani, da kilif na ƙarfe guda biyu, babba da ƙarami. Na ce masa, "Baba, to aikin zai yiwu a gida?" Ya ce zai yiwu ga mai haƙuri da kayan aiki, amma yini ne, ba minti 15 ba. Za ka sassauta babban notin tsakiyar taya da sifana mai lamba 30 tun mota na ƙasa, ka ɗaga ta ka ɗora a kan abin tokare mai ƙarfi, kada ka taɓa shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Ka saki bol joyin, wato gaɓar ƙasa da ke riƙe da ƙafar taya, ka zare shaf, ka tara kwano don man giya na iya zuba. A irin Corollata ta ɓangaren ciki ake zura robar waje, don haka robar ciki da ta waje duka ake canzawa lokaci guda. A wanke tas, a bushe, a cika giris, a matse kilif da filayarsa, notin kuma a ɗaure shi daidai ma'auni, ƙarfin ɗauri 216 Nm a wannan motar, a dake bakinsa don kada ya warware.

Wanda ya riga ya tura wa mutumin nan kuɗi, ya adana shaidar tura kuɗin da hotunan hirarsu kafin a goge, ya kai wa bankinsa ƙorafi a rubuce, ya kuma shigar da ƙara a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Ya danna rahoto a kan tallan ma. Shekaranjiya na sake ganin bidiyon nan ɗin dai, da sabon suna da sabuwar lamba, yanzu har da robar Honda da ta Sharan yake cewa yana da su.