Wata biyar a ajin falsafa da manɗiƙi na maraice: abin da na biya da abin da na samu

A farkon watan Nuwamba ƴata ta biyu, wadda ke ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ta kawo mini takardar gwajinta na farko a darasin falsafa, wanda ɗalibai suke kira filo, da maki 6 bisa 20 da kuma jan biro da ya cika gefen takardar. Yarinya ce da ba ta taɓa ba ni kunya a lissafi ko a Faransanci ba, kuma da na karanta abin da ta rubuta sai na tarar ta jera maganganun manyan masana har guda tara a shafi uku, kowace da sunan mai ita, amma babu zaren da ya ɗinke ɗaya da ɗaya. Wannan ne ya kai ni ga ajin maraice da wani tsohon malamin lise mai ritaya yake gudanarwa a gidansa a unguwar Zariya, nan Maradi. Ba zan ambaci sunansa ba, tun da a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka.

Ana zama sau uku a mako, Litinin da Laraba da Asabar, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a ƙarƙashin rumfar kwano da aka jera wa benci shida da baƙin allo guda. Kuɗin wata jika biyar ne na sefa ga kowane ɗalibi, ban da kuɗin hoton takardu da ake karɓa lokaci zuwa lokaci, kuma wanda ke nesa sai ya lissafa kuɗin kabu-kabu. Na roƙi malamin ya bar ni in riƙa zama a bencin baya a ranakun Asabar, ya yarda bisa sharaɗin in biya kamar kowa kuma kada in amsa tambaya kafin yara su amsa. Saboda haka abin da zan rubuta a nan na ganau ne.

Makonni shida na farko malamin bai taɓa tarihin kowa ba, manɗiƙi kawai ya koyar, wato ilimin auna ingancin hujja, kuma a ganina wannan sashe shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin da na kashe. Ya fara da ƙiyasi irin na Aristot, masanin Girka, wato muƙaddima biyu, maganganun da ake gina hujja a kansu, da natija ɗaya da ke fita daga gare su, sannan ya ɗauki kusan mako biyu yana dasa wa yara bambanci guda, wanda manya da yawa ba su taɓa lura da shi ba: tsarin hujja yana iya inganta alhali abin da aka gina ta a kansa ƙarya ne. Ya rubuta a allo cewa duk abin da ke tashi sama da fukafuki tsuntsu ne, jemage yana tashi sama da fukafuki, saboda haka jemage tsuntsu ne. Yara suka yi caa, suna cewa natijar ƙarya ce domin jemage haihuwa yake yi kuma yana shayarwa. Ya ce sun yi gaskiya, amma su nuna masa inda ginin ya karkace, suka duba suka rasa, domin ginin a miƙe yake, tubalin farko ne ruɓaɓɓe. Daga nan ya juya musu al'amarin da misalin da har yanzu nake jin daɗinsa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a Maradi gulbi zai kawo. Gulbi ya kawo. Saboda haka an yi ruwa mai ƙarfi a Maradi. Kusan ajin duka suka amince, har sai da wani yaro ɗan wajen Madarumfa ya ɗaga hannu ya ce: “Mushe, ai gulbi daga Najeriya yake fitowa, in an yi ruwa a ƙasar Katsina ko an saki madatsar Jibiya zai kawo ko da digo bai sauka a nan ba.” Malamin ya ajiye alli ya ce darasin ranar ya ƙare, domin yaron ya gano da kansa kuskuren da littattafai suke kira tabbatar da abin da ya biyo baya, wato ɗaukar sakamako a matsayin shaidar sanadi guda alhali sanadai da dama suna iya haifar da shi.

Haka ya bi da su a kan istiƙra'i, wato hukunta dukkan abu daga ganin sashensa. Ya tambaye su yadda mai sayen gero a kasuwa yake sanin abin da ke cikin buhu, suka ce yana soka ƙarfe ya fiddo ƴan ƙwayoyi daga sama da tsakiya da ƙasa. Ya ce to wannan ilimi ne mai amfani, da shi ake ciniki, da shi likita yake hukunta jinin jiki duka daga ɗigo ɗaya, amma bai kai yaƙini ba, domin buhu na ɗari yana iya zuwa da tsakuwa a inda ƙarfen bai taɓa ba. Sai bayan sun fahimci wannan ya ambaci Hiyum, masanin ƙasar Sikotland na ƙarni na 18, wanda ya nuna cewa tsammaninmu gobe za ta yi kama da jiya sabo ne ya gina shi, ba hujjar hankali da ba ta karɓar musu ba. Na lura wannan ita ce hanyarsa a kowane lokaci, matsala tukuna sannan sunan mai ita, kuma ita ce kishiyar abin da ya jawo wa ƴata maki 6.

Da aka shiga tarihi, Girka ta samu rabo mai tsoka. Ya kawo Tales na birnin Miletus, wanda ya ce asalin kome ruwa ne, ya kuma gargaɗi yara kada su yi masa dariya, domin abin lura a wurinsa shi ne ya nemi bayanin duniya a cikin duniyar kanta ba a tatsuniyoyin gumaka ba. Ya daɗe a kan Sokrat, mutumin da bai rubuta littafi ko ɗaya ba, wanda yake tare mutane a kasuwar Atina yana tambayarsu ma'anar adalci da jarunta har su gane ba su san abin da suke taƙama da saninsa ba, kuma aka yanke masa hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin girmama gumakan gari. Ya yi misalin kogo na Platon, almajirin Sokrat, inda mutanen da aka tsare a kogo suke ɗaukar inuwa a matsayin gaskiya, da fitilar hannu da inuwar yatsunsa a bango wata rana da aka ɗauke wuta, abin da ya fi kowane bayani shiga kan yara. Aristot kuwa, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuma ya yi shekara ashirin a makarantar Platon, ya kafa tasa makarantar a wani wuri mai suna Likeyon, kuma daga wannan suna ne Faransawa suka samo kalmar lise da ƴaƴanmu suke faɗa kullum ba tare da sun san mafarinta ba.

Suka ta farko da nake da ita ta shafi abin da ya biyo bayan Girka. Daga Aristot malamin ya yi tsalle guda sai ga shi a gaban Dekart na Faransa da littafinsa na 1637, inda ya ce yana tunani saboda haka yana nan, ya bar kusan shekara dubu biyu a cikin jimla uku. Na san manhajar bak, wato jarrabawar kammala lise, ita ce take kora shi, kuma ba laifinsa ba ne cewa masu gyaran jarrabawa sun fi son Dekart da Kant da Ruso. Sai dai a garin da zaurukan malamai suka cika, wannan tsalle asara ce babba. Ni kaina a ƙuruciyata na zauna gaban wani malami ina jin ana biya Sullam, waƙen manɗiƙi da Ahdari, malamin ƙasar Aljeriya, ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira, kuma abin da ke cikinsa na muƙaddima da natija da siffofin ƙiyasi huɗu shi ne dai abin da ke kan allon nan da Faransanci. Aristot ɗin da yara suke kira haka shi ne Arisɗo na zaure, wanda malaman Musulunci suka laƙaba wa Malami na Farko, suka kira Farabi Malami na Biyu. An fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, Ibn Sina ya faɗaɗa su, Ibn Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi musu sharhin da aka mayar Latin aka karanta a jami'ar Paris. Har nan kusa da mu, Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya kuma ratsa Katsina, garin da kakannin sarakunan Maradi suka fito, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar yana kare halaccin karatun manɗiƙi. Ko kalma ɗaya daga wannan ba ta fito a ajin ba sai da na tayar da maganar bayan an tashi.

Abin yana da muhimmanci saboda dalili na zahiri. Iyaye da yawa a nan suna tsoron filo, suna ganin darasi ne da ke girgiza tauhidin yaro, kuma na san uba biyu da suka janye ƴaƴansu daga ajin bayan makon da aka karanta shakkar Dekart, wato hanyarsa ta yin shakka a kan kome kafin ya amince da shi. Da malamin ya gaya wa yara cewa Gazali, wanda ya rubuta littafi guda yana rusa wasu ra'ayoyin masu falsafa, shi ne kuma ya ce wanda bai san manɗiƙi ba babu dogaro da iliminsa, da sun koma gida da amsar da za ta kwantar da hankalin iyayensu. Ahdari ma ya kawo saɓanin a fili a cikin waƙensa: Ibn Salahi da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakken hankali da ya ƙware a Littafi da Sunna. Da na faɗa masa haka sai ya ce: “Alhaji, ni a lakwal, makarantar boko, na yi karatuna, wannan ɓangare naku ne, in za ka zo ka faɗa musu da bakinka ga allo ga alli.” Na yaba wa gaskiyarsa, kuma na yi hakan wata Asabar, amma uban da ya biya jika biyar bai kamata ya zama shi ne zai cike giɓin ba.

Manɗiƙin zamani an wuce shi da sauri, zama biyu kacal. An ambaci Bul na Ingila, wanda ya mayar da gaskiya da ƙarya lissafin 1 da 0 a littafinsa na 1854, da Firege na Jamus da aikinsa na 1879, an zana jadawalin “da” da “ko” da “idan”, aka ce a kan wannan kwamfuta da wayar hannu suke aiki. Ɗaliban sashen kimiyya sun so a tsaya, na sashen adabi suka yi ta hamma, malamin ya bi masu rinjaye.

Ta fuskar shirin jarrabawa kuwa ba ni da ƙorafi. Kowace Asabar ta biyu yana ba da tambaya irin ta bak, ko dai a tattauna batu ko a yi sharhin nassi, kuma yana mayar da takardu cikin mako guda da gyara layi-layi. Ya hana kawo maganar wani masani fiye da uku a rubutu ɗaya, kuma duk wadda aka kawo dole a bayyana wace muƙaddima take tallafa wa. Yara sun ƙi jinin wannan doka da farko domin ta raba su da ƴan littattafan haddar da ake sayarwa a bakin lise. A gwajin watan Maris ƴata ta samu 12, wanda duk mai ɗa a ajin ƙarshe ya san ba ƙaramin maki ba ne a filo. Wani sakamakon da ban biya kuɗinsa ba shi ne yanzu idan na ce kada ta fita saboda duk ƴan matan da ke yawon dare ba su ƙare da kyau ba, sai ta ce cikin ladabi: “Baba, muƙaddimarka ta farko fa istiƙra'i ce.”

Suka ta biyu ta wurin zama ce. Ɗalibai sun kai talatin a rumfar da ta dace da ashirin, kuma daga ƙarshen Maris kwanon yana mayar da ita tanda, ga shi babu fanka, randa ɗaya ce ga kowa. Ƴan mata suna zama a gefe guda kusa da ƙofa, inda hayaniyar titi take hana su jin rabin abin da ake faɗa, kuma malamin yana da halin kiran maza huɗu ko biyar da ya saba da su, sai yarinya ta yi ta ɗaga hannu har ta gaji. Na yi masa magana sau ɗaya, ya gyara na mako biyu, sannan ya koma gidan jiya. Haka kuma darasin yana tafiya da Faransanci zalla, Hausa ba ta shigowa sai a misalai, alhali na ga sau da yawa fuskokin yara suna washewa ne daidai lokacin da ya saki Faransancin ya ce musu “ai kamar mai auna gero ne”.

Wanda ɗansa yake neman jerin maganganun da zai haddace ya zuba a takarda, wannan aji zai ɓata masa rai da kuɗi. Wanda kuma yake son yaron ya iya gina hujja ya kuma gane inda ta wani ta tsage, ya kai shi tun farkon buɗe ajin, domin makonni shidan manɗiƙi ba a maimaita su, kuma yaran da suka shigo a Janairu na gan su suna bin sauran darussan da ƙyar. A je da gorar ruwa, a kuma isa da wuri don samun benci na gaba. Ni na riga na biya wa ƙanenta kuɗin watan farko na baɗi, na kuma ciro tsohon Sullam ɗina daga adaka domin mu riƙa biya shi a gida a daren Lahadi.