Hattara da mai motar lasifika da ke sayar da garin "sabara"

Assalamu alaikum jama'a. Masu cin kasuwar Talata Mafara, musamman mata masu jego, don Allah ku saurare ni.

Akwai wani mutum da ke zuwa da mota ranar kasuwa, yana shelar garin sabara a ƙulle cikin leda, wai na wankin cikin mai jego ne. Ƙanwata ta aika aka sayo mata, kwana goma da haihuwarta. Ta jiƙa ta sha da daddare. Kafin asuba ciki ya murɗa, gudawa kamar an buɗe famfo, har ta kasa ɗaga jaririnta. Sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti.

Gwaggonmu ce ta gano abin. Ta zazzage garin a faifai tana tonawa da yatsa, sai ga ɓarɓashin kwanson 'ya'ya, shafal, a lanƙwashe. Ta ce, "Ɗan nan, filasko ne wannan. Sabara ba ta da irin wannan kwanso."

Nan dabarar take. Filasko magani ne mai ƙarfi da ke sa zawo, duk wanda ya sha sai cikinsa ya ɓarke. Shi kuwa mai motar tun kafin ka biya ya gaya maka in ka ga gudawa, dattin ciki ne ke fita. To wa zai dawo ya yi ƙorafi?

Sabara ai ba baƙuwarmu ba ce, ga ta nan cike da saurukanmu. Ganyenta fari-fari ne kamar an barbaɗa toka, in ka juya bayansa za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana. Furenta rawaya ne a dunƙule, 'ya'yanta masu gashi. Geza ma da wasu ke rikitawa da ita, ganyenta ya fi kore da sheƙi, 'ya'yanta masu fukafukai huɗu ne. Amma da zarar an daka an tankaɗe, ko tsohuwar ungozoma sai ta yi da gaske.

Don haka kada ku karɓi gari. Ku ce a ba ku ganye da reshensa, ku duba da idonku. Ledarsa ba suna, ba lambar NAFDAC, ba inda za a same shi gobe.

Wadda ta riga ta sha kuma gudawa ta kama ta, a fara ba ta ruwan gishiri da sukari, a wuce da ita asibiti tare da ragowar garin.