Ciwon gwiwa: ƙwayar diclofenac ko man barkono?

Da hunturu ya kama a Kano, gwiwar Hajiyarmu sai ta hana ta sujada a ƙasa. Abu biyu ta gwada.

Ƙwayar diclofenac, wadda kowane kemis ke sayarwa, tana rage sinadarin prostaglandin mai jawo kumburi. Nan da nan ake jin sauƙi. Sai dai in aka daɗe ana sha, tana iya haddasa gyambon ciki, ta taɓa ƙoda, ta tayar da hawan jini.

Man capsaicin kuwa daga barkono ake samo shi, kuma jijiya yake bi. Akwai sinadarin Substance P, wanda aka gano a 1931, da jijiyoyi ke saki wajen isar da saƙon zafi. Man yakan dusashe jijiyoyin wurin, sinadarin ya ragu. Amma sai mai haƙuri: sau 3 zuwa 4 kullum, mako 2 zuwa 4 kafin a ga amfani, ga raɗaɗi a kwanakin farko. Wata rana Hajiya ta shafa, ta yi alwala ba ta wanke hannu da sabulu ba. Ranar idonta ya gaya mata.

Ga mai olsa irinta, ni man na zaɓa, da yardar likita.