Famfon Mai na Tsohuwar Mota Mai Kafireta: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Idan mota mai kafireta ta fara shaƙewa a kan tudu, ko ta mutu bayan doguwar tafiya cikin rana ta ƙi tashi sai ta huce, famfon mai ake fara ɗora wa laifi. Sau da yawa shi ɗin ne. Amma ana jefar da famfuna masu lafiya da yawa, don haka kafin ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a yi gwaji tukuna.

A cire tiyon da ke shiga kafireta a zura bakinsa cikin kwalba, nesa da salansa da duk wani tartsatsi. A cire wayar koyil don kada injin ya kama, sannan a murza makulli. Famfo mai lafiya yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Idan ɗiga yake yi, ko kumfa ke fitowa, sai a sa tiyon da famfon ke zuƙa da shi cikin galan mai tsabtataccen fetur a sake gwadawa. In ya zuƙo daga galan amma ya kasa daga tanki, famfonka ba shi da laifi. A duba filta, da tsatsar cikin tanki, da tsohon tiyo da ya tsage yana shan iska, da kuma 'yar ƙofar iskar murfin tanki. Daga nan a zaro sandar auna baƙin mai a shinshina. In ana jin warin fetur, ko man ya haura alama ba tare da an ƙara ba, robar cikin famfon ta yage, fetur na zuba cikin inji. Wannan ba ya jiran gobe: siririn mai yana cinye metal har injin ya buga. A sauya famfo, a juye baƙin man a rana guda.

To, an tabbatar famfon ne. Abin da ya kamata ka riƙe a kai kafin ciniki shi ne kafireta ba ta son turi mai ƙarfi. Kafiretar Solex, irin wadda ke kan Peugeot 504 da Volkswagen Beetle, da ta Weber suna aiki ne a wajen psi 3 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin turi), kuma ko manyan kafiretocin motocin Amurka ba sa wuce psi 7. Allurar da ke tsayar da mai idan kwanon kafireta ya cika ƙarama ce, ɗan abin da ke yawo a kan man ne kawai ke danne ta. Turi ya fi ƙarfinta, mai ya ambaliya.

Sabon famfo irin na asali, wanda injin ke bugawa da kansa, shi ne zaɓin farko ga yawancin masu mota. Ba ya buƙatar waya ko fiyus, kuma da injin ya tsaya shi ma ya tsaya, wanda babbar kariya ce idan aka yi haɗari. Wahalarsa ɗaya ce, samun wanda ya dace daidai. Tafi kasuwa da tsohon a hannu, ka jera su. Dubi tsawon hannun da lanƙwasarsa, da tazarar ramukan noti, da yawan bakuna: wasu biyu ne, wasu uku, na ukun yana mayar da rarar mai tanki, kuma toshe shi yana ƙara matsalar zafi. A Beetle sanda ce ke tura famfon, kuma iri biyu ce: mai milimita 108 ta famfon injin dainamo, mai milimita 100 ta famfon injin altaneta. Haɗa doguwar sanda da famfon da aka yi don gajera yana iya lalata shi tun tashin farko. Kada kuma a yar da kakkauran faifan nan da ke tsakanin famfo da jikin inji. Yana tare zafi, yana kuma ƙayyade nisan bugun hannun, shi ya sa ƙara gasket a wurin ke rage turi. Wajen ɗaurawa, a juya injin har tozon kamshaf, wato kumburin da ke buga hannun famfon, ya yi ƙasa, a tabbata hannun ya zauna a jikin tozon daidai yadda na tsohon famfon yake. Idan sabon famfo ya ƙi ba da mai sosai, a leƙa tozon, wataƙila shi ne ya cinye.

Famfon tokumbo yana da kyan ƙarfe, amma robarsa ta shekara tana bushewa a kan shago. Da ta sha fetur ta yi 'yan kwanaki sai ta tsage. Bai cancanci kuɗinka ba sai idan irin mai sukurori ne a gefe, wanda ake buɗewa. Irin wannan, da ma naka na asali in gangar jikinsa ba ta lanƙwashe ba, ana sa musu sabuwar roba da ƙananan bawul biyu su dawo daidai, kuma sau da yawa sun fi sabon famfo mai araha daɗewa. Wanda aka matse bakinsa tun daga masana'anta, marar sukurori, ba ya gyaruwa.

Famfon lantarki mai ƙaramin turi shi ne wurin da ake yawan yin daidai, ake kuma yawan yin ɓarna. Yana da amfani na gaske. Motar da ke kwana biyar a ajiye, man kafiretarta ya bushe, da buɗe makulli zai cika ta ba tare da an gajiyar da batir ba. A zafin Maris da Afrilu kuma, lokacin da fetur ke tafasa cikin bututu kusa da inji har famfon asali ya koma zuƙar tururi, na lantarki da ke can baya wurin sanyi yana turo mai ba fashi. Haka nan shi ne mafita idan tozon kamshaf ya cinye ko irin famfonka ya ɓace a kasuwa. Kamfanoni irin su Facet da Hardi suna yin masu ƙaramin turi, kuma ana rubuta adadin a jiki ko a kwali. Nemi wanda bai wuce psi 4 ba ga ƙananan motoci. Wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba, bar shi a shagon.

Sai dai kuɗin famfon ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Yawancinsu sun fi iya turawa a kan zuƙowa, don haka gurbinsu kusa da tanki ne, ƙasa-ƙasa a jikin shasi, ba cikin bonet ba. Ana sa filta kafin famfon domin tsatsa ke kashe shi. Yana buƙatar fiyus nasa, da rilai, da at mai kyau (wayar da ake haɗawa da ƙarfen jikin mota), da kuma abin da zai yanke masa wuta idan injin ya mutu, galibi suwic da ke bin turin baƙin mai. Wannan na ƙarshen shi ne masu wayarin suka fi tsallakewa, su jona waya kai tsaye daga makulli. Ranar da tiyo ya fashe ko mota ta kife, famfon zai ci gaba da feso fetur a kan inji mai zafi. Kada ka karɓi aikin a haka, ko da za a ce maka kowa haka yake yi. Tsohon famfon kuma a cire shi a rufe gurbinsa da faranti da gasket, don in aka bar mai yana bi ta cikinsa da yagaggiyar roba, kai tsaye cikin baƙin mai za a riƙa ɗura fetur.

Akwai wanda za a iya miƙo maka da bai kamata ka taɓa ba: famfon motar injekta. Yana tura psi 40 ko fiye, fiye da ninki goma na abin da Solex ke ɗauka. Zai cika kafireta har mai ya riƙa tsiyaya, fulogi su jiƙe, salansa ta yi baƙin hayaƙi, kuma gobara na kusa. Ana iya rage shi da regileta mai bututun komawa tanki, amma kuɗin da aikin sun wuce na sayen famfon da ya dace.

Duk wanda ka zaɓa, sayi sabon tiyon fetur na gaske mai faɗin da ya yi daidai da bakin famfon, galibi milimita 6 ko 8, da sababbin kilif da filta. Bayan an ɗaura, bakanike ya sa geji tsakanin famfo da kafireta injin yana silo ya karanta maka adadin, sannan a kashe motar a duba kowace mahaɗa ko tana zufa.